Abin da Likita Ta Faɗa Kan Lele

Zuwa ga ƙanena abin alfaharina,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina fatan wannan takarda za ta same ka cikin ƙoshin lafiya da kwanciyar hankali. Yaya aiki, yaya kuma zaman baƙunta? Allah ya ƙara maka ƙarfin jiki, ya kiyaye ka daga injinan nan da kake wuni a cikinsu, ya dawo mana da kai lafiya. Mu nan duk lafiya lau sai kewarka. Inna ƙafar ta yi sauƙi, har tana hawa matakala da kanta, bakin ne dai yana nan yadda ka san shi. Maigidana ya koma shago bayan zazzaɓin da ya kwantar da shi. 'Yata Doguwa kuwa, albishirinka, mutanen gidan mai kantin magani sun zo gaisuwa a kan maganarta, kuma da alama da gaske suke. Ka riƙe wannan a ranka, domin ya shafi abin da zan faɗa maka.

Na zaɓi rubutu ne saboda in aka ɗauki waya a gidan nan, kowa sai ya kasa kunne. Maganar 'yarka Lele ce. Ka tafi ka bar ta tana rarrafe, ga shi ta kusa cika shekara huɗu, har yau ba ta ce Baba ba, balle Goggo. In ka kira ta sai ka ce da bango kake magana. Aikinta ke nan jera murafen kwalba a ƙarƙashin tebur, in wani ya ture guda ɗaya ta yi ta ihu har maƙwabta su leƙo. In aka kunna injin markaɗe sai ta toshe kunnuwa ta shige bayan ƙofa. Yaran layi Kurma suke ce mata, ni kuwa na daina hana su, don na gaji da faɗa da 'ya'yan mutane.

Ka san tun farko Inna ba ta so yadda matarka ke zama da yarinyar nan a ɗaki tana yi mata yarensu ba. Bara da muka kai ta ƙaramin asibitin unguwa, ma'aikaciyar jinya ta tambayi yare nawa ake yi a gida, na ce namu da na uwarta, ga kuma na talabijin. Ta ce ai shi ke nan, yaruka ne suka yi mata yawa, mu koma mu jira. Tun daga ranar Inna ta kafa doka: kada a sake jin yaren nan a gidanta. Matarka ta bi, ba don tana so ba. Sau ɗaya na kama ta a banɗaki tana yi wa yarinyar waƙa ƙasa-ƙasa, na faɗa wa Inna, aka yi mata wankin babban bargo a gaban yara, daga nan ta shiga taitayinta. To amma Lele sai ma ta ƙara yin shiru, ta kuma fara buga kanta da bango.

Da goshinta ya fashe muka koma, sai aka tura mu babban asibiti, wurin wata likitar yara. Ɗaki ne mai shimfiɗa a ƙasa, da 'yar tsana da ƙananan kofuna. Likitar ba ta jin Hausa, matarka ba ta jin yaren asibiti, Hausar ma ka san har yau ba ta zauna a bakinta ba. Sun ce mai fassararsu ba ya nan, don haka ni na zama tafinta. Likita ta kira sunan Lele, ba ta waiga ba. Ta busa kumfar sabulu, Lele ta bi kumfar da ido amma ba ta dubi kowa ba. Ta tambaya ko tana nuna abu da yatsa, ko tana kawo wa mutum abu don ya gani, ko akwai kalmar da take faɗa. Matarka ta yi farat ta ce da tana cewa ruwa da fitila a yarensu, kafin a hana. Ni ban ga amfanin tona asirin gida a gaban baƙuwa ba, sai na ce wa likita surutai ne marasa kan gado.

Likitar nan dai akwai ido. Ta dubi matarka ta nuna mata da hannu ta yi wa yarinyar magana yadda ta saba. Matarka ta kalle ni, na ɗaga mata kai. Ta durƙusa ta fara waƙar nan tasu. Ƙanena, ba zan ɓoye maka ba, Lele ta saki kofin da ke hannunta, ta taso ta ɗora yatsunta a kan leɓen uwarta, ta tsaya a haka har waƙar ta ƙare. Likita ta yi ta rubutu.

Bayan an sake kiranmu an gwada kunnenta an ga lafiya lau, likita ta zaunar da mu ta ce galahanga ce, lalurar da ke hana yaro magana da cuɗanya da mutane. Ta ce ba ciwon hauka ba ne, ba kuma laifin kowa ba ne, haka ake haihuwar wasu yara, sai dai akan same ta a jinin dangi, ko ta wajen uba ko ta wajen uwa. Ta ce yawan yare ba ya kawo ta, abin da aka faɗa mana bara kuskure ne, ya kuma cinye mana lokaci. Ta ce uwar ta koma yi mata yarensu safe da yamma, domin ta nan yarinyar ke amsawa, kuma ta riƙa kawo ta duk mako a koya musu tare. Ta nanata min in faɗa wa uwar cewa ba ita ta jawo ba.

Yanzu kai ka duba. In na faɗi wannan, Inna ta zama maƙaryaciya a gidanta, a gaban surukarta. Kalmar jini kuwa in ta fita, kafin magariba ta isa kantin magani, su kuwa sun san ma'anarta, Doguwa ta tashi a tutar babu. Ga 'yan matan Yaya Babba na tasowa. Don haka na juya na ce wa matarka likita ta tabbatar da maganar Inna, yarensu ne ya ɗaure wa yarinyar harshe, kuma maganin shi ne a raba su na ɗan lokaci. Ba ta yi musu ba. Ta sunkuyar da kai ta ce in gode wa likita, in kuma roƙa mata gafara. Godiyar na isar.

Mun sa matarka a mota ta tafi wurin iyayenta ta huta. Lele tana ɗakina yanzu. Ba na cewa da sauƙi: ta ƙi cin abinci sai an matse ta, kuma takan wuni a bakin ƙofar ɗakinku tana murɗa hannun ƙofar, shi ya sa na kulle na cire makulli. Murafen nan na share su na zubar, don su ne ke ɗauke mata hankali. Yarinya ce, za ta saba. Asibiti sun kira wayata sau da yawa, na ce mun yi tafiya. Zuwa duk mako a idon jama'a ba zai yiwu ba sai bayan bikin Doguwa, in Allah ya kai mu sai a duba.

Abin da nake so da kai, in matarka ta kira ka tana kuka, ka ce mata ka ji hukuncin likita kuma ka amince. Kada ka ambaci sunan lalurar ga kowa, har Inna, ita ma abin da na faɗa wa matarka shi na faɗa mata. Kai ɗin ma don kai ne uban na faɗa maka, kuma na san ba za ka kunyata ni ba, ni da na goye ka. In ka karanta ka yaga.

Inna tana sa maka albarka, ta ce ka rage shan shayi ba abinci. Maigidana yana gaishe ka, haka Yaya Babba da iyalinsa, da Kawu Mai Gemu, da Doguwa wadda ta ce kada kawunta ya manta da ita. Matarka ma ta ba ni saƙo gare ka a bakin mota, tana riƙe da hannuna ta taga. Ta fara da Hausa, sai kuka ya ci ƙarfinta ta koma yarensu, har direba ya ja. Ban ji ko kalma ɗaya ba, don haka ba ni da abin da zan isar maka.

Allah ya sada mu da alheri.

Taka har kullum,
Yayarka