Rijiyar da Na Ce Ka Jira

Yamai, Nuwamba 1972

Zuwa ga Hamma Sallau,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kai da Hure da yara. Yaya jikin Inna? Yaya shanu? Laurent, direban ofishinmu, ya ce ya gan ka a kasuwar Kore Mairuwa kana batun kora garke kudu, hayin iyaka, tunda tabkuna sun ƙafe da wuri.

Don Allah ka dakata. Motar haƙar rijiya za ta zo Arewa, kuma ni aka ba aikin fitar da inda ruwa ya fi kusa. Ka sha yi mini dariya, wai an kai ni lakkwal karatun boko don in yi kiwon kati mai huji na injin lissafi. To, ga ranarsa ta zo.

Injin lissafinmu ba ya jin Hausa, ba ya jin Faransanci, nasa harsuna daban ne. Ni da harshen Kobol nake rubuta masa shirin umarni. Lissafin ruwan ƙasa kuwa wani injiniya ya rubuta shi da Fortran, ya ajiye a taskar shirye-shirye, ya koma ƙasarsu. Abin da ya rage, shirina ya kira nasa, ya miƙa masa awon tsofaffin rijiyoyi, ya karɓo amsa. Ba zai daɗe ba, in Allah ya so.

Ka gaida Inna da kyau.

Ƙanenka,
Mahmuda

Yamai, Fabrairu 1973

Hamma,

Ina gaishe ka, ina gaida Hure. Yaya tarin Inna? Na ji saniyarta ta faɗi ba ta tashi ba. Ranar da na ji, abinci ya gagare ni.

Shirina ya kira na injiniyan, injin bai yi gardama ba, amsa ta fito tsaf. Sai dai amsar ta ce a kan dutsen Dogon Dutsi ruwa ya fi kusa, a fadama kuma babu ko ɗigo. Na sha wuya kafin in gano dalili. Ni na jera awon ne kamar mai bin kunya daga farko har ƙarshe, shirin injiniyan kuma a gicciye yake karantawa, kamar mai tsallake kunyoyi. Zurfin wannan rijiya sai ya ɗauke shi a matsayin tsayin tudun waccan. Mutumin bai rubuta haka a ko'ina ba, Allah ya isa.

Shugabanmu ya ce tunda injin bai yi kuka ba, a miƙa wa masu haƙa. Na ƙi, har muka yi sa-in-sa. Ba zan tura mota ta huda dutse ba. Dole in rubuta ɗan shirin da zai juya jerin kafin kiran, ga shi injin sai manyan ofisoshi sun gama da shi ake ba mu. Motar ta wuce wani yanki, amma za ta dawo.

Ka ƙara haƙuri, Hamma. Ba zan ɓoye maka ba, tsoro nake ji.

Naka,
Mahmuda

Geceme, Mayu 1973

Hamma Sallau,

Ina gaishe ka duk inda kake. Yaya Hure? Yaran duka suna nan kuwa?

Na biyo motar haƙa zuwa ruggarmu. Lissafin ya nuna gindin gawon nan da muke ɗaure maruƙa. An haƙa, ruwa ya fito, mai sanyi, mai daɗi. Masu haƙa suka yi ta tafi.

Rugga babu kowa sai tsohuwa ɗaya. Ƙasusuwa ne tun daga garke har bakin hanya. Na gane bijiminka da karkataccen ƙahonsa. Tsohuwa Fati, maƙwabciyarmu, ita ta nuna mini kabarin Inna. Ta ce kun tashi a ƙafa da 'yan shanun da suka rage, su ma da ƙyar suke tafiya. Ta ce tun sanyi, duk wanda ya ce ka tashi, sai ka zaro takardata daga aljihu, ka ce ƙanenka ya ce ruwa na zuwa.

Laurent zai bar wannan takarda a kasuwar Kore Mairuwa, ko wani mai zuwa kudu zai san inda kuke. Gugan farko a kan kabarin Inna na zuba.

Ruwan ya zo, Hamma. Ka dawo, ko don ka zage ni.

Ƙanenka,
Mahmuda