Gurbin da kake bari a zanen hula

Zuwa ga mahaifina, Malam Sani mai zanen hula,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa irin ta ɗa ga mahaifinsa, ina fata Allah Ya sanyaya makwancinka.

Baba, na bar aikin maɗaba'a a Kano. Katin biki, kalanda, fostar 'yan siyasa, duk na ajiye, na dawo Rano don in rubuta littafi. Ana tambayata ko murna nake ko da-na-sani. Ba ko ɗaya. Wata huɗu ke nan ina zama a zaurenka da biro, shafin fari tas, zuciyata ma haka. Ko ranar da muka kai ka makwanci ban yi kuka ba, har yau kuma bai zo ba.

Ina tuna ka da farin ƙyalle a gwiwa, kana zana hular da matan ƙauyen Durba za su ɗinka. Kullum sai ka bar wani lungu fari, kamar faɗin yatsa biyu. Ni kuwa na koyo zane a kwamfuta, kai ya kumbura, na ɗauka mantuwar tsufa ce. Kana kasuwa na ɗauki biro da rula na cike guraben duka, na zauna jiran yabo.

Ba ka yi faɗa ba, ka aika ƙyallayen Durba yadda suke. Bayan kwana uku Goggo Hanne, babbar mai ɗinkinka, ta dawo da su ko allura ba ta soka ba. Abin da ka ce min kawai shi ne, "Inda na bari, a nan ne take sa nata adon. Ka cike, me za ta yi a ciki?"

Ban ji ba, Baba. Shekaru na yi ina cusa fure a kowane lungun takarda. Littafin ma so nake ya cika tsaf a kaina kafin in rubuta kalmar farko, shi ya sa ban rubuta komai ba.

Jiya na buɗe akwatinka, na ga ƙyallenka na ƙarshe, ga zane, ga gurbin. Wallahi hannuna ya kai ga biro. Na mayar da shi aljihu.

Yau da safe na hau babur na kai wa Goggo Hanne ƙyallen. Idonta ya yi rauni, sai ta matso da shi dab da fuska, ta bi zanen da yatsa har ta tsaya a gurbin. Ita ta yi kukan. Ni ina tsaye ina kallon kajinta.

Da na dawo na zauna na rubuta maka wannan. Shi ne shafina na farko. Akwai abin da na kasa faɗa a ciki, na bar wurinsa, ka san shi.

Allah Ya jiƙan ka, Baba, Ya yalwata kabarinka, Ya haɗa mu a Aljanna.

Ɗanka mai taurin kai,
Habibu