Nonon da Inna ta gani a Kintampo

Moshi Zongo, Tamale
9 ga Oktoba, 1958

Zuwa ga Yayana Saibu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da ladabi, ina fatan wannan takarda ta same ka lafiya, kai da iyali can Takoradi. Allah Ya ƙara maka ƙarfin aikin tashar jirgi. Mu nan yara lafiya lau, maigidana Mashudu yana nan yana fama da lorinsa. Inna ce kawai ba lafiya.

Ka san tunda annobar bushiya ta share mana garken shanu, Baba ma ya bi bayansu ya rasu, hankalin Inna yake zuwa yana komawa. Watan jiya Mashudu zai ɗauko doya a Kintampo, sai ya ce mu tafi da ita ta ga ruwan nan da ake ta labari, mai zubowa daga kan dutse, ko zuciyarta ta sake. Ni ma ban taɓa gani ba, na yi ta murna. A hanya har dariya ta yi, tana tsokanar Mashudu wai sabuwar tutar ƙasa da ya ɗaura a lori ta fi lorin lafiya.

Yaya, garin neman gira muka rasa ido. Ruwan fari ne fat, kumfa ke tashi, ƙararsa ba ka jin na kusa da kai. Inna na ɗaga kai sai ta ƙwalla salati, ta ce wane mara imani ne ke zubar da nono haka. Ta tsoma yatsa ta shafa a goshi kamar yadda take yi in nono ya zube mata a kasuwa. Sai ta kwance ƙwaryarta ta nufi duwatsu masu santsi za ta tara. Da ƙyar Mashudu ya riƙo ta. Ta duba ƙwaryar ta ga ruwa, ta ce kafin ya iso hannunta albarkar ta fita.

Tun daga ranar ba ta sha fura, ba ta cin tuwo. Ta ce nonon shanun Baba ne, ba ta sa komai a baki alhali arzikin gidanta na bin ƙasa. Na rantse mata ruwa ne, liman ma ya zo ya gaya mata, ta ce mu 'yan birni ina muka san nono. Ruwa kawai take kurɓa, ta rame har awarwaro na zamewa daga hannunta. Kullum tambayarta ɗaya: ko Saibu ya je ya tare, don kai ne mai tatsa a garken.

Ka gaishe da Adiza da su Imoru da Zalia. Goggo Kadiatu tana gaishe ka, ita ma kuka take.

Na roƙe ka don Allah, kada ka aiko da saƙo, ba ta yarda da takarda. Zumunta a ƙafa take. Ko za su kore ka daga aiki, ka hau mota ka zo, ka durƙusa gabanta ka ce ka je ka tare, ko ɗigo ba ya zuba yanzu. Na san ba ka ƙarya, Yaya, amma ka yi wannan ɗaya. Na dama wa Inna fura na rufe, sai ta ji daga bakinka za ta sha.

Wassalam. Ni ce ƙanwarka,
Hawwa'u