Shirun da na yi miki jiya

Auta,

Na fita kina barci.

Jiya da muke gwajin ganawarki da kwamitin gwamnati mai zaɓen ɗaliban digiri na biyu don horon shugabanci, na yi miki irin tambayoyin da nake yi wa ministoci. Kika amsa ta ƙarshe, na yi shiru, kika tashi kika ce kin fasa zuwa.

Ki yi haƙuri. Mu 'yan jarida mukan yi shiru da gangan don mutum ya ruɗe. Na jiya daban ne. Na nemi inda zan kama ki, na rasa. Mamaki nake yi: yaushe yarinyar nan ta zama haka?

Ki je, ƙarfe goma ne. Na goge miki takalmi, yana bakin ƙofa.

Babanki