Lilin Mama a Wutsiyar Jirgi

Lesnoye, watan Yuni

Zuwa ga ƙanwata Zina,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata kina lafiya, ke da Stepan da jikoki. Yaya ƙafar taki? Ni dai ina nan, mun gode Allah.

Ranar Asabar aka yi arba'in ɗin maigidana Yefim. Na dafa alkama da zuma, na toya fanke, maƙwabta suka cika ɗakin. Da suka watse na ɗauke kofi da yankan burodin da aka ajiye masa bisa al'ada a gaban hotonsa, sai na tsaya tsakar ɗaki na rasa abin da zan yi da hannuwana.

Na ga maganarki ta in sayar da gidan in dawo Rostov kusa da ke. Ki ba ni lokaci, Zina.

Kin tuna jirgin saman nan nasa, wanda ya faɗa kwazazzabon dutse tun yaƙin Jamus, ƙanƙara ta haɗiye shi? Kin san yadda shi da abokansa suka yi ta hawa da tiyo da ruwan zafi suna narkar da ita, suka sauko da shi gunduwa-gunduwa, suka yi shekaru suna harhaɗa shi a rumfar bayan makaranta. Ban taɓa leƙawa ba. Abin da na sani na jirgin shi ne baƙin man da nake wankewa a rigunansa.

To jiya Gavril, babban abokinsa, ya zo ya zauna da hularsa a gwiwa. Ya kira ni da sunan babanmu yadda ya saba, ya ce, "Matveyevna, wutsiya ce ta rage. Yadi ake ɗinka mata. Yefim ya ce kada wanda ya sa mata allura sai ke." Na ce, "Shi ya faɗa, ko kai ka ƙaga don ka sha shayin banza?" Ya ce, "Wannan shayin? Ai ruwa ne ya hango ganye daga nesa." Ban san sanda na yi dariya ba, sai kuma na ji kunya.

Ban ba shi amsa ba. Ki gaishe da kowa.

Yayarki,
Tasya

Lesnoye, watan Yuli

Zina ƙanwata,

Gaisuwa da fatan alheri. Allah ya sa zafin Rostov bai takura ku ba. Nan rana ta ƙi faɗuwa, yadda ta saba a wannan arewar tamu a watannin nan, barci ma sai da dabara.

Na je rumfar. Da na shiga na ga tabarau ɗin Yefim a kan benci, wanda na yi ta nema don a binne shi da shi. Ba wanda ya taɓa shi. Na bar shi a wurin.

Jirgin ya fi yadda nake zato girma. Ba zai ƙara tashi ba, gidan tarihi za a kai shi, amma Yefim ya nace sai an mai da komai yadda yake. Sun sayo yadi a birni, irin mai santsin nan. Na ɗinka gefe guda don gwaji, suka shafa masa fentin da ke sa yadi ya ɗame, da gari ya waye ya yamutse kamar fuskar Gavril. Shi ma haka na gaya masa.

Sai ya buɗe wata kwalba ya miƙo mini ƙyallen da suka ciro daga ƙanƙara, na ainihin wutsiyar. Ina murza shi na gane lilin ne, mai ƙaramin zare, saƙa a matse. Zina, kamar na Mama.

Ga abin da ya sa na rubuto. Turmin lilin da Mama ta saƙa da hannunta yana nan a ƙasan akwati, wanda ta ce mu raba biyu, kowacce ta ajiye don likkafaninta. Na auna. Rabona gefe ɗaya kawai zai rufe. Sai an haɗa da naki.

Ban sa masa almakashi ba, kuma ba zan sa ba sai na ji daga gare ki. Na san yadda kike riƙe maganar Mama, na kuma san ke kika zauna kusa da ita tana saƙar nan ni ina can ina yawo da Yefim. In kin ce a'a, ba zan riƙe ki a zuciya ba. Gavril ma bai san da shi ba. Kawai dai mutumin nan bai taɓa roƙona komai ba a zamanmu, ko ƙarin miya, sai wannan. Shi ma ta bakin wani.

Ina sauraronki.

Taki,
Tasya

Lesnoye, watan Satumba

'Yar'uwata Zina,

Ina gaishe ki, ina gaida Stepan da yara. Dusar ƙanƙara ta fara sauka a kan duwatsu, na tone dankali na shigar.

Wasiƙarki ta iso bayan na fara cire rai. Na karanta faɗan duka, har da cewa Yefim ya haukace ni ma na bi sahunsa, da cewa Mama za ta juya a kabarinta. Ban musa ba. Sai can ƙasa, a gefen takarda, na ga inda kika rubuta, "Ki wanke shi tukuna, in ba haka ba zai tsuke." Na sa takardar a fuskata na daɗe.

Na wanke shi, na shanya, na goge.

Bari in gaya miki yadda ake ɗinkin. Mutum biyu ne, ɗaya nan ɗaya can, wutsiyar a tsakani. In tura basilla da zare mai kakin zuma ta gefen haƙarƙarin wutsiyar, wato sandunan da ke cikinta, na can ya karɓa ya dawo mini da ita, in ƙulla. Ba ka ganin wanda ke wancan gefen, sai dai basilla ta ɓullo. Gavril ne ya tsaya can. Da farko yana ta surutu, ina ce masa, "Kai tsoho, yatsu ne da kai ko itacen girki?" Da yadin ya rufe tsakaninmu sai ya yi shiru. Ni kuwa ina turawa ana dawo mini da ita, har na daina tuna ko wane ne a can. Na yi kuka sosai, irin wanda ban yi ba ranar jana'iza. Shi kuwa bai daina dawo da basillar ba.

An shafa fenti, ya ɗame tsaf, in ka ƙwanƙwasa sai ya amsa kamar ganga. Gavril ya cire hula ya ce, "Matveyevna, da ya gani da ya ce akwai gyara, don kada ki yi girman kai."

Maganar Rostov, ba bana ba. Wata mai zuwa za a kai jirgin gidan tarihi. Ki zo ki ga naki gefen, shi ne na hagu, ya fi kyau don a lokacin hannuna ya saba. Ki taho da takalman sanyi.

Abin da ya rage na lilin bai fi na goge kofi ba. Yanzu ni da ke ba mu da abin da za a binne mu da shi, don haka ki sha maganinki a kan lokaci, kada ki kuskura ki mutu.

Yayarki mai ƙaunarki,
Tasya