Hoton Cikin Bakwaini

Daren Laraba, asibiti, Birnin Kebbi

Yau an yi wa ɗiyata hoton ciki, kuma nonon da aka ba ta bai gama wucewa ba.

Likita ta ɗura mata nonon uwarta ta siririyar robar da ke hancinta, ta shafa mata mai a ciki, ta ɗora na'urar. A allo na ga wani ɗan duhu da bai fi ƙwayar gujiya ba. Ta ce tumbin ke nan, kuma in faɗinsa yana raguwa, nono yana sauka hanji. Ya ragu, amma a hankali ƙwarai. Cikin bakwaini bai gama koyon aikinsa ba, in ji ta. In aka ƙara nono da wuri, zai kumbura ko ta amayar.

Na kira Inna a Illo na gaya mata. Sai ta ce, "Kai Sani, ɗiyar da ko rago ba a yanka mata ba, wane ciki ag gare ta da za a yi ma hoto?" Juna biyu ta ɗauka nake nufi. Na yi dariya, karo na farko tun da muka baro Bagudo. Da na fayyace mata, ta ce, "To, a bar ta ta sha a hankali. Ragon suna na nan ɗaure, ba ya tahiya ko'ina."

Matata Hadiza ta samu barci a zaune.

Gobe da safe za a sake aunawa. Sai sannan likita za ta ce ko a ƙara mata nonon ko a rage.