Awon Ƙarama

Yaya,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya, da Baba da iyalinka duka.

Wata mai zuwa zan cika arba'in, kada ka yi dariya, ka riga ni tsufa. Na gaya wa abokan aikina a shagon ɗinki kada wanda ya saya min kyauta. Bara filas uku aka ba ni, sai ka ce shayi nake sayarwa. Na ce duk mai niyya ya ba da gudummawa a gyara wa Baba rufin ɗaki, don ban manta yadda na same shi ba, yana zaune a gado da bokiti biyu a gefensa suna tarar ruwa. Wallahi mutane sun yi ƙoƙari, har mai sharar layinmu sai da ta kawo nata. Na turo maka duka. Ka nemo magini mai tsoron Allah kafin damina ta sauka.

Ka gaishe min da kowa.
Ƙanwarka

*

Ƙanwata,

Wa alaikumus salam. Saƙo ya iso, Allah ya saka wa kowa da alheri.

An fara aiki. Maginin dattijo ne, ba ya taɓa bango sai ya auna shi ya rubuta. Shi ya nuna min abin da ya sa na rubuto.

Kin tuna bangon da ke bakin ƙofar ɗakin, inda Umma take tsayar da ku duk ranar haihuwarku, ke da Ƙarama abokiyar tagwaicinki, ta ɗora muku littafi a ka, ta ja layi da fensir ta rubuta shekara. Naki layukan sun tsaya a sha shida. Na Ƙarama ya kamata su tsaya a bakwai, shekarar da ta rasu, amma ba su tsaya ba. Suna hawa har sha takwas, daga nan layin ɗaya ne, sai lambobi jere a gefensa har talatin da tara. Rubutun Umma ne, da bakwai ɗinta mai ƙugiya. Shekara goma sha ɗaya ke nan da rasuwar Umma, kuma kin san hannun Baba ko cokali ba ya riƙewa.

Magini ya ce bangon ya sha ruwa, in ba a rushe shi ba zai zubo da rufin a kan mai kwanciya. Baba ya ce ba mai taɓa shi, kuma ya ƙi barin ɗakin. Ke kika tara gudummawar, ina jiran maganarki.

Wassalam.
Yayanki

*

Yaya,

Ban iya doguwar gaisuwa ba yau.

Akwai abin da ban taɓa gaya maka ba. Bayan rasuwar Ƙarama, Umma sau biyu take auna ni. Ta ja layina, sannan ta ce in matsa gefe, in haɗa dugadugai, ta ja na Ƙarama. Na tsani abin. Da na kai sha shida na ce na girma, na ƙi tsayawa.

Tun daga lokacin, duk safiyar ranar haihuwata, ko ina nake, sai in ji an ɗora min wani abu shimfiɗaɗɗe a ka, ya ɗan jima, a ɗauke. Ciwon kai nake ce wa mijina. Ina jin tsoro, Yaya, na daɗe ina ji.

Amma a rushe shi. Mutane ba su ba da abinsu don in bar mahaifina a ƙarƙashin ruɓaɓɓen bango ba. In ya ƙi fita ku ɗauke shi da kujerarsa, fushin ya hau kaina.

Allah ya tsare.
Ƙanwarka

*

Ƙanwata,

Bayan gaisuwa. Allah ya ƙara shekaru masu albarka.

Mun ɗauke Baba kamar yadda kika ce. Ya yi kuka, kwana huɗu bai yi min magana ba. An rushe, an tayar da sabo, an yi rufi da shafe da fenti. Ruwan farko ya sauka ranar Talata, ko ɗigo bai shiga ba.

Jiya, ranar haihuwarki, magini ya zo da hantsi kwashe kayan aikinsa, sai ya kira ni ɗakin Baba. Akwai layin fensir a sabon bango, an rubuta arba'in a gefe. Ya ciro awonsa ya duba takardarsa, ya ce wannan ya fi tsohon layin da yatsa biyu. Ya sake aunawa, haka ya samu. Bai ƙarasa shayin da aka kawo masa ba.

Baba kuwa ban ga walwalarsa haka ba tun rasuwar Umma. Ya ce in gode miki, tunda an gyara ɗaki yarinya ta dawo. Ya sa an kawo masa kofi biyu, ya kuma ce in koma gidana, ba ya buƙatar mai taya shi kwana.

Shin kin ji abin a kanki jiya?

Wassalam.
Yayanki

*

Yaya,

Ban ji ba. Na cire takalmi, na jingina da bango, na haɗa dugadugai, na jira har azahar. Ba wanda ya zo.

Ba ni aka auna ba. Kada ka bar Baba shi kaɗai, ina hanya.

Ƙanwarka